Ƙayar Lemo

Furen banila ba ya kwana.
Da asuba yake buɗe ido,
kafin rana ta take tsaka ya rufe,
wanda ya makara sai baɗi.

Shi ya sa nake hawa tudun bayan Andapa da duhu,
raɓa har gwiwa, matsattsaku a ƙauri,
ƙayar lemo a leɓena kamar tsinken sakace.
Ubana bai bar mini fili ba, kurmi ya bari:
kanumfari uku, ayaba, 'yan itatuwan kofi,
da manyan da ba wanda ya san ranar tsirarsu.
A ƙarƙashinsu yabanyata ke rarrafe,
ta kama kututture ta hau,
in ta wuce tsayin hannuna in lanƙwaso ta
in ce mata dawo, ba ni da tsani.

Zumar ƙasar nan ba ta san wannan fure ba.
Ni ce zumar.
In ɗaga siririn labulen da ƙaya,
in matsa da babban yatsa, a hankali,
yadda ake taɓa maɗigar jariri.
Jiya ɗari huɗu da sittin,
kowane goma tsakuwa ɗaya a haɓar zane.

Inuwa ma awonta ake yi, kamar gishiri.
In ta yi yawa saiwa ta ruɓe,
in ta gaza ganye ya ƙone.
Shekarar da guguwar teku ta kayar da babbar bishiya
rana ta shigo mini kamar mai bin bashi,
yabanya arba'in suka yi rawaya ina kallo.
Maƙwabcina Bezara ya ce sare sauran, ki zuba shinkafa.
Na ce shinkafar shekara nawa?
Ya yi dariya ya tafi da gatarinsa.

Wata tara kwanson ke yi a jikin uwarsa.
Tun yana ɗanye nake huda masa shaida da allura,
ɗigo uku da karkataccen layi,
irin ta kakata Zafitsara.
Daga wata na shida a bukka nake kwana,
ni da adda da kare mai tari.

Duk da haka a na bakwai aka shigo.
Daren ruwa ne, na sauka jinyar zazzaɓi.
Da safe sai guntayen kara suna zubar da ruwa,
sawun ƙafa mara takalmi a taɓo,
babban yatsan hagu ya karkace waje.
Na san ƙafar.
Ni na wanke ta ranar da ta zo duniya.

A buhun dillali aka ga ɗigona uku.
Tombo ne, ɗan ƙanwata,
ya sayar a kuɗin batir da takalmin roba.
Ɗanyen kwanso, ko an dafa an shanya,
warin ciyawa kawai zai yi.
Ya kwashi nauyin, ƙamshin bai riga ya shiga ba.

Mutanen gari suka taru da igiya da sanduna.
Na ce ku ba ni shi.
Ba don zuciyata ta huce ba,
har yau in na tuna maƙogwarona ɗaci yake.

Bana fure ya buɗe da wuri.
Yana bayana a hawan tudu, ba ma magana.
Na karyo ƙaya biyu a lemon bakin rafi.
Yatsunsa manya ne, na ɗaukar buhu,
fure bakwai ya murje,
kowanne na ji shi a haƙarƙarina.
Na takwas ya tsaya, ya riƙe numfashi,
ya ɗaga labulen, ya matsa.

Ya ce, Inna Soa, ya kama?
Na ce sai jibi za mu sani,
in furen ya bushe bai faɗo ba.
Ya ce, sannan fa?
Na ce sannan wata tara.
Matsa can, rana tana hawa.