Mazarƙwaila a Kan Nama

Ranar da Mati ya biya ƙarshen bashin babur
ya shigo yana kaɗa makulli kamar ƙararrawa.
Ya ce, "Sahura, gobe bayan la'asar abokai za su zo,
a yi musu ɗan abin taɓa ka lashe."
Na ce, mutum nawa? Ya ce, kamar goma.
Na san goman Mati. Na ƙirga ashirin da biyar.

Ya ajiye dubu huɗu a kan faifai.
Na dubi kuɗin, kuɗin suka dube ni.

Da safe muka hau abin da ya zama namu zuwa Gujungu.
Ilu mahauci ya yanko tsoka, ba ta cika tafi biyu ba.
Na roƙi gyara, ya ɗoro kitse kaɗan
da hanjin tunkiya wanda ba wanda ya taya.
Mazarƙwaila curi ɗaya, baƙa-baƙa, mai ƙamshin hayaƙi.
Tsamiya kuwa tana nan bakin rijiyarmu,
ba ta taɓa tambayar kowa ko sisi ba.

Hanjin nan sau bakwai na wanke shi,
na juya cikinsa waje, gishiri da lemon tsami,
har ina hango yatsana ta cikinsa.
Naman na kirɓa a turmi
da albasa, tafarnuwa, citta, kanumfari ƙwaya uku,
sannan na ƙara abin da ba a faɗa gaban baƙi:
garin ƙuli-ƙuli da burodin jiya.
Nama ya ga dangi, ya kumbura.

Na yanke bakin gorar roba ta zama mazurari.
Habule ya riƙe, ni ina turawa da babban yatsa,
ina ɗaure da zare, gaɓa-gaɓa kamar rake,
kowace gaɓa tsawon ɗan yatsan yaro.
Biyu sun fashe a ruwan zafi.
Habule bai yi baƙin ciki ba.
Sauran na huda da allura, na soya da man gyaɗa cokali uku.

Sai aikin da ke son ido.
Mazarƙwaila a ruwan tsamiya, yaji kan cokali,
wutar kara kuwa ba ta san haƙuri ba:
ka juya baya ka amsa sallama, ta mai da zaƙi gawayi.
Na zare kara biyu, na tsuguna,
ina juyawa har ta fara jan zare daga ludayi,
na zuba su ciki suka yi wanka,
suka fito suna ƙyalli kamar goshin ango.

Tabawa ta leƙo ta kan zana tana shaƙar iska.
"Zaƙi a nama? Sahura, ko dai ciki ne da ke?"
Na miƙa mata ɗaya a bakin wuƙa.
Ta tauna. Ba ta ce komai ba. Ba ta kuma tafi ba.

Tsinken sabuwar tsintsiya na kakkarya, na wanke,
kowanne na soka masa nasa.
Na jera su nesa-nesa a babban tire,
albasa da tumatir suka cike gurbin da kuɗi bai kai ba.
Sittin da ɗaya.

Mutum ashirin da bakwai suka zo.
Ina jin su daga bayan zaure.
Baba Barau, da ba shi da haƙori ko na rantsuwa,
ya tsotse nasa, ya nemi ƙari.
Wani ya ce, "Mati, daga birni ka yo odar wannan?"
Na kasa kunne.
Mati ya yi gyaran murya, ya daɗe yana gyarawa,
sannan ya ce, "Daga cikin gida."

Tire ya dawo kamar an wanke.
Ni da Habule muka kankare gindin tukunya da yatsu.
Ɗari da hamsin ta rage, tana ƙulle a bakin zanena,
Mati bai tambaya ba.

Bayan isha'i na ji motsi a jikin zana.
"Sahura, kin yi barci?
Tsamiyar nan, kamar nawa kika jiƙa?"