Inuwar da Ta Daina Sauka

Ni ne Bhanwara ɗan Hukma, mai fiɗa,
daga bayan garin Bikaner, inda yashi ke cinye hanya.
A nan ba a yanka saniya. Tsufa ke kayar da ita,
sai a aiko yaro ya kira ni da wuƙata.

Da can, kafin in gama zare ƙirgi
sai rana ta dushe, alhali babu hadari.
In ɗaga kai, ga su nan suna shawagi,
ɗari, ɗari biyu, wa ya tsaya ƙirga?
Su sauko da tafiyar tsofaffi masu ciwon gwiwa,
su jira in naɗe fata, kamar baƙi a bakin ƙofa.
Kafin shayina ya huce
ba sauran komai sai farin ƙashi.
Ban taɓa ce musu sannu ba.
Jifa ma na sha yi musu.

Sai allura ta shigo kasuwa, mai araha.
Ba zan yi mata ƙarya ba, tana da kirki:
saniyar Dhapu da ta kwana uku a durƙushe
ta miƙe ta nemi ciyawa.
Kowa ya saya, ni ma na yaba.
Wa ya san tausayin da aka yi wa saniya
zai kwanta cikin namanta yana jiran mai ci?

A darbejiyar bakin tafki na fara gani,
ungulu ta saki wuya har ƙirji
kamar wadda aka yi wa rasuwa.
Kwana biyu ta faɗo, tim.
Wata likita, Sarla, ta buɗe ta bisa buhu a gabana,
ciki fari fat, sai ka ce an barbaɗa alli.
Ta ce ƙoda ce ta ƙone.
Na ce to, ai ungulu ce.

Sama ta yi wayam.
Mushe ya kumbura, ya kwana bakwai yana shelar kansa,
ruwansa ya gangara inda mata ke ɗiba.
Karnuka suka ci gado.
Suka haihu a cikin haƙarƙari,
'ya'yansu suka haihu,
har dare ya zama nasu, mu 'yan haya.

Gomti, jikata, shekararta bakwai,
tana dawowa daga aiken gishiri
ɗaya ya kama ta a dunduniya.
Ɗan cizo, ƙaya ma ta fi shi zurfi.
Muka shafa barkono da kurkum,
asibiti da nisa, kuɗin mota da nauyi.
Bayan wata guda na miƙa mata ruwa a kofi
ta kurma ihu ta maƙale a bango,
yarinyar da ke rawa tsirara in ruwan farko ya sauka.

Sauran ba zan faɗa ba.

An hana allurar yanzu, in ji hukuma,
amma na san kantin da ke zaro ta daga ƙarƙashin tebur.
Shi ya sa in an kira ni nake tambaya:
me kuka yi mata kafin ta cika?
Wasu su faɗa, wasu su dubi ƙasa.
Ta masu duban ƙasa rami nake haƙa mata,
da wannan bayan nawa, kyauta.

Bana da sanyi na ƙirga goma sha ɗaya.
Ɗaya ta sauko, mai sanƙo, mummuna kamar iyayenta,
ta tsaya nesa tana auna ni da ido guda.
Na naɗe fata, na ja da baya har gindin darbejiya,
na kori karnuka da dutsen da a da nake jifarta.
Ta daɗe ba ta matso ba.
Shayina ya huce, na bar shi.