Minti Biyu da Daƙiƙa Tara

A Ali Ɗan Sofo, bayan mai walda,
rumfata ce mai kwano huɗu,
tele biyu, benci ɗaya,
da tsohuwar na'ura mai tarin asuba.
Dala biyar ka kama linzami,
dala goma ka zauna har ka gaji da faɗuwa.

Idonta ya yi yana.
In na sa faifai sai ta yi ta gunaguni
kamar mai neman allura a rairayi.
Nakan kife ta, ciki a sama,
in yi mata fifita da murfin kwali,
in ce: daure, Hajiya, karanta.
Wata rana ta karanta.
Wata rana ta yi mini kunnen ƙashi.

Sai labari ya faɗo wayar Lawali:
masu ita sun sauko, za su kwashi
wasannin da, kaf, har tseren bakin teku,
su kai gidan abokin gabarsu,
su zuba a sabuwar na'urarsa.
Na ce ashe kura da akuya
kan sha a kwatarniya guda.

Ban yi shawara da kowa ba.
Na sayar da kabu-kabuna, jikka ɗari uku da ƴan kai,
na bi ta Ɗan Isa, na tsallaka Jibiya,
na dawo rungume da kwali kamar jinjiri.
Inna ta dube ni, ta dubi kwalin:
don ka ga hadari a gabas
ka tuntsurar da randa?

Damina ta wuce, aka yanke gero,
gulbi ya janye ya bar yashi,
masu tumatir suka sauka fadama.
Ina jira.
Sannan layi biyu, ko sallama babu:
an fasa.
Wai lissafi bai fita ba.
Wai ba a ba maƙwabci iri ana tsakar shuka.
Waɗanda suka fasa ba su san Maradi ba,
ba su san yadda babur ke araha ba
in mai shi na gaggawa.

Sabuwar na nan, tana sheƙi, ba ta tari.
Yara na buga ƙwallo a kanta, suna ihu.
Ba ta san tseren bakin teku ba.
Ba ta san wana Tsahiru ba,
da ya tafi haƙar zinari Jado, bana shekara bakwai,
wayarsa ta daina shiga tun ta biyu.
A tsohuwar, in ta yarda ta buɗe ido,
sunansa ne a saman allo, harufa uku,
minti biyu da daƙiƙa tara.
Ba wanda ya taɓa shan ƙurarsa ma.

Lawali ya ce: ko da sun kai wasan can,
allon wankakke zai zo,
hanyar ce, tekun ne, amma ba sunan kowa.
Na yi shiru. Wannan lissafin
ban yi shi ba kafin in miƙa makullin babur.

Jiya wani yaro, Nafi'u, ɗan mai waina,
ya ajiye dala biyar, ya ce tsohuwar yake so.
Ta karanta masa a bugu ɗaya, munafuka.
Ya sha kwanar farko ba birki,
ya kurɗa ƙarƙashin gada, inda Tsahiru kaɗai ke bi,
agogo na cewa minti ɗaya da hamsin,
ga tuta can tana kaɗawa.

Allo ya yi baƙi.
Na ce: kuran ne, ka san halinsu.

Yaron ya ɗaga kai, ya dubi ƙwan fitila
yana ci, tar, a saman kanmu.
Ya dubi ƙafata kusa da waya.
Bai ce uffan ba.
Ya miƙo hannu, na mayar masa da kuɗinsa,
ya ce gobe zai dawo.