Baiti Huɗu

Da la'asar Dijatu ta shigo shagona a Jekadafari,
rungume da kwamfutar mahaifinta cikin zanen goyo.
Ta ce tun Sha'aban take wani ƙas-ƙas,
kamar ɓera na gurgurar ƙyaure da dare.
Na kara kunne. Faifan ne ke tari.
Na san irin tarin nan, ba ya kai damina.

Aikin shekara goma sha tara na Malam Barkindo:
taswirar filaye daga Tumfure har Liji,
inda gonar wane ta tsaya, ta wane ta soma,
lissafin awon da aka biya da buhun wake,
da wata tsohuwar manhaja mai taurin kai
da ba ta yarda da kowa sai faifan da ta fara sani.
Kamfanin da ya ƙera ta ya rufe.
Malam ma bara ya rufe ido, da hantsi, kan tabarma.

Na ce zan juye shi kaf cikin sabo,
ƙwaya ƙwaya, har da ƙaiƙayi.

Amma juyen hatsi ba shi ne aikin ba.
A bakin ƙofar faifai, ɗakin farko,
akwai baiti huɗu,
ba na waƙa ba, ba mai rera su,
harufa takwas ne in ka sa a takarda.
Da su injin ke kira duk sanda ya farka.
In ba a amsa ba, sai ya tsaya cak,
allo baƙi ƙirin, kamar gidan da aka yi sallama
mai gida ya daɗe da tashi. Wannan shi ne suna.

Ina yaron shago a hannun Oga Lamela
na taɓa haɗa su biyu a ciki guda,
tsoho da sabo, na kunna ina murmushi.
Injin ya kira, baki biyu suka amsa.
Bai yi shawara da ni ba,
ya kankare na sabon, ya raɗa masa wani.
Da safe aka yi kira, shiru.
Oga bai zage ni ba. Biro ya miƙo:
"Kafin ka taɓa noti, rubuta sunan a tafin hannunka."
Har yau ina rubutawa, gumi na gogewa.

Ni ma sunan kakana na ci.
Yana raye, Ƙarami ake ce mini,
don kada a kira ɗaya biyu su waiwayo.
Ranar sadakar uku liman ya ambaci sunan,
yana duban fuskata,
ni kuwa ina duban ƙofar ɗakin tsoho
ko zai ɗaga labule.

Janareto ya sha lita biyu kafin juyen ya ƙare.
Sau bakwai tsohon ya sarƙe, sau bakwai na lallashe shi.
Na kashe wuta. Na zare wayarsa a hankali,
na zaunar da sabon a gurbinsa, shi kaɗai,
na duba tafin hannuna, na duba allo:
harafi takwas, ba wanda ya goce.
Na kunna.

Injin ya kira. Aka amsa.
Manhajar nan mai gardama ta buɗe ba musu,
ga taswirar ƙarshe da Malam bai gama ba,
layi ɗaya ya tsaya a tsakiyar fadama.

Dijatu ta daɗe ba ta ce uffan ba.
Sannan ta nuna tsohon a kan benci: "Wannan fa?"
Na ce ki adana shi, nesa da zafi da laima,
amma kada ki sake haɗa su ɗaki guda,
ɗaya zai rasa sunansa.
Ta naɗe shi a gefen mayafi, ta ƙulle,
da sauran ɗuminsa,
ta tsayar da mai keke zuwa Pantami.
Ni kuma na wanke hannuna.