Saura Ɗaya

A Tartu, cikin Janairu, rana kan faɗi
tun shayin ƙarfe huɗu bai huce ba.
Babana Endel sai ya jawo kujera gaban fitila,
ya rataye abin da ya ƙera da wayar tagulla:
akwati cikin akwati,
kusurwa goma sha shida,
sanda talatin da biyu,
ɗaya a karkace, don ran da ya liƙa ta dalma ta ƙona shi.

"Virve, kashe ta sama."
Na kashe. Inuwa ta hau bango,
ta rufe hoton Mama da rabin kalanda.

"Nuna mini gaba." Na nuna.
"Gefe." Na nuna. "Sama." Na ɗaga yatsa.
"To, saura ɗaya."
Hannuna ya tsaya a iska
kamar na mai rantsuwar da ya manta zancen.

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
Kifin kogin Emajogi, in ji shi, ƙarƙashin ƙanƙara
tafin takalma kawai yake gani,
su ɓullo, su ɓace.
Wa zai gaya masa akwai mutum a kai, har da hula?

Ya murza zaren. Bango ya motsa.
"Wayar nan ma inuwa ce.
Da ainihin abin zai juya ta can,
na ciki ya kumbura ya fito,
na waje ya tsuke ya shige,
ba wanda zai karye,
kamar a juya safa tana ƙafa."
Na ce ai na cikin ƙarami ne.
"Ba ƙarami ba ne. Nesa yake."

Bana kogin bai daskare da wuri ba.
Na kwashe littattafansa, kwali tara,
na bar wayar a rataye, ba kwalin da zai ci ta.
Da dare nakan kunna fitilar, in murza.
Har yau ban ga abin da ya gani ba.
Da na kusa, sai layukan su koma tagulla,
karkatacciyar nan ta zagayo, ta sake zagayowa.

Jiya ɗana ya tambaye ni ina kakansa.
Na ɗaga hannu zan nuna.
Ba gaba ba, ba gefe ba.
Saman ma na kasa.
Hannun na nan a iska har yaron ya gaji,
ya tafi neman ɗayar safarsa.