Inda Na Kai Baƙona

Baƙo ya sauka gidanmu daga Gusau,
Lawali, abokina tun ƙuruciya.
Ya ce, kwana biyu gare ni kacal,
ina za ka kai ni a Zariya?

Ban buɗe baki ba gida ya ɗauka.
Dalhatu ƙanena ya ce, Kufena, ba tambaya.
Ku hau da sanyin asuba da goran ruwa,
ku zauna inda dutse ya yi shimfiɗa,
ku ga birni ya koma faifai a ƙasa,
rimaye tsaye kamar dattawan da suka ƙi zama.
Mai bin ka bashi ya zama tururuwa,
kai ma haka yake ganin ka,
daga can sama kowa ɗaya.

Balaraba ta yi tsaki tana tankaɗe:
Me dutse zai ba ku ban da ciwon gwiwa?
Ku shiga kasuwar Sabon Gari da hantsi,
ku ji Ibo na taya atamfa da Hausar Zazzau,
Bayarabiya na rantsuwa a kan tattasai.
Ko allura ba ku saya ba
za ku dawo da guzurin dariya.

Goggo Kande daga kan tabarma ta ce,
ni ku bar ni da Ƙofar Gayan bayan la'asar,
inda ganuwa ta zaizaye ta rusuna,
awaki na hawa inda mahara suka kasa.
Shekara talatin ina dama fura a wurin,
rabin masu furfurar unguwar nan
sun sha da ludayina, sun lashe ƙwarya.

Ɗana Sidi kuwa, bakin dam a Samaru.
Wai ruwan na kwantar masa da hankali,
wai karatu yake zuwa yi.
Kullum littafin na dawowa gida
a buɗe a shafin jiya.

Duk na kai shi. Mun hau, mun sauko da haki,
mun sha rana, mun ci tsire a Tudun Wada,
ya ɗauki hotuna har wayarsa ta mutu.
Da yammacin ƙarshe na ce, saura guda,
na ja shi tashar jirgin ƙasa ta baya.

Ba komai a wurin.
Benci mai ƙafa uku, an tokare shi da bulo,
tarago ya yi tsatsa, ƙadangaru sun gaje shi,
ciyawa ta kai gwiwa tsakanin layuka,
wani ya shanya wando a kan waya.

Nan Baba ya yi aikin juya layi.
Nan nake kawo masa tuwo a kwanon sha-ka-fashe,
ɗaure da tsumma, ina sauya hannu don zafi.
Shi ya koya mini kifa kunne a kan ƙarfe
in ji jirgin Kano tun yana bayan gari,
tun mai tuta bai tashi daga gyangyaɗi ba.
In na ce yana zuwa, sai ya duba agogo,
ya ce da abokan aiki, ku ji yaron nan,
bai taɓa yi mini ƙarya.

Lawali ya duba gabas, ya duba yamma,
ya ce, to me ake kallo a nan?
Ban amsa ba. Na tattare rigata na durƙusa.
Ƙarfen na nan da ɗuminsa na rana,
kamar tafin hannun da aka janye yanzu.
Ban ji jirgi ba,
sai bugun jinina da kukan kurciya.

Da na ɗago, ga shi shi ma a ƙasa,
hula a hannu, kunci a kan layi,
tsofaffi biyu, gindi sama.
Wata mai tallan gyaɗa ta tsaya tana kallo,
ta ce, Baba, kuɗi ne suka faɗi?
Na ce, a'a, 'yata, wuce abinki,
ajiya ce na zo dubawa,
kuma tana nan lafiya.