Ma'aunin Kafinta

Ni kafinta ne a Sabon Gari,
rumfata na jingine da dutse,
irin duwatsun Damagaram da ba wanda ya ga ranar zamansu.
Ilimin tauhidi ban yi ba.
Abin da na sani na ikkilisiya
da mita na auna shi, fensir a bayan kunne.

Katolika in sun zo neman benci
sai sun ce in ƙara ɗan katako a ƙasa, na durƙuso.
Fasto Nomau ya ce shi ba ya so,
ƙasa ta ishi gwiwa.
Masu ganga na bayan tasha kuwa
nasu ba ya tsufa,
a tsaye suke kiran Ruhu har rana ta karkata.

Tsayin dai ɗaya ne, santi arba'in da biyar.
Ban ga ɗarikar da ta ƙara wa mutum ƙafa ba.

Uwata Odil da carbinta aka binne ta.
Matata Rifkatu ta ce carbi ƙari ne a kan Littafi.
Shekara goma sha ɗaya suna ja a kan Maryamu
a bakin murhu guda,
wannan na tuƙi, waccan na kaɗa kuka.
Da ciwo ya kwantar da tsohuwa, yatsu suka ƙi,
Rifkatu ce ke tura mata ƙwayoyin ɗai-ɗai.
Bakinta a rufe, ba ta furta kalmomin,
amma ko ɗaya ba ta tsallake.

An yi gardamar baftisma a rumfata,
a nutsar ko a yayyafa,
a garin da famfo ke kwana huɗu bai ko yi tari ba.
Ga-ruwa ya sauke jarkokinsa yana saurare,
ya ce, ku dai ku biya ni tukuna.

Shekarar da hayaƙi ya tashi
wuta ba ta nemi takardar kowa ba.
Na bi toka da sanda ina tsintar ƙusoshina,
na kasa cewa wannan na Fada ne, wannan na Fasto.
'Ya'yana a ɗakin Malam Tsahiru suka kwana,
shi yana zaune a bakin ƙofa har asuba.
Lahadin da ta biyo, tsakar gida ɗaya, tabarmin aro,
muka yi addu'ar da Ubangiji ya koyar,
wasu da Faransanci, wasu da Hausa.
Ba mu isa amin tare ba,
waɗanda suka riga suka jira.

Ba na ce bambancin banza ne ba.
Fada ya ce gurasar jikinsa ce,
Fasto ya ce tuni ne,
kowa kuma da gaske yake, na ga idonsu.
Teburan biyu ni na yi su,
daga maɗaci guda da aka kawo mini a amalanke.
Ran Lahadi mu fita ƙofa ɗaya, ni da Rifkatu,
a kwanar mai shayi mu rabu.
Abin da nake ci a can, ita ba ta ci.
Wannan yana yi mini zafi, ba ni da dabarar da zan ɓoye shi.

Kai da ka tashi cikin ƙamshin katako,
ka san alluna biyu ba sa haɗa baki
sai an fere kowanne,
ba ɗaya kawai ba.
Ni nakan fara da wanda ya fi kusa da hannuna.
Ga ni kusa.

Gobe akwai aiki, benci shida.
Yaron da aka aiko bai faɗi na wace majami'a ba,
ni ma na manta ban tambaya ba.
Na dai ja layi a arba'in da biyar,
na ajiye ɗan katako a gefe, ko za a nema.